Zinaren da Famfon Keke Ya Fitar a Mamobi

Abubuwa da yawa sun faru da ni na manta su, har da waɗanda a lokacin na ɗauka ba zan tashi ba. Amma safiyar da na leƙo ƙofar gidanmu a unguwar Nima ta Akra na tarar da mutanen unguwa sun yi layi, kowa da bokitinsa na yashi, suna jiran in fitar musu da zinare, wannan kam ko tsufa ya cinye mini tunani ba na jin za ta fita daga kaina.

Ni 'yar Nima ce gaba da baya. A gidan haya aka haife ni, irin mai ɗakuna jere da tsakar gida ɗaya, inda in ka yi atishawa mutum goma za su amsa maka. Babana ya rasu ina ƙarama, Mma ce ta rene ni da kuɗin koko da ƙosai da take sayarwa a bakin titi. Ƙaninta, Kawu, shi ya tsaya mini a matsayin uba. Gyaran keke da babur yake yi a wata rumfa kusa da gidanmu. Mutumin kirki ne, amma Allah ya yi masa baki. In Kawu ya ga ɓera da safe, kafin azahar ya zama akuya.

Allah ya taimake ni na yi karatu har jami'a, na karanta harkar ma'adinai, na kuma samu aiki a wata ma'aikatar zinare can yammacin ƙasar. Nakan yi makonni a can, sannan in zo hutu Akra. A inda nake aiki zinare ba ya zuwa dunƙule-dunƙule kamar yadda ake zato. Yana ɓoye ne a cikin wasu 'yan ƙwayoyi masu ƙyalli da ke cikin dutse, ido ba ya ganinsa. Sai an niƙa dutsen ya koma kamar garin tuwo, a dama shi da ruwa a manyan tankuna, sannan a zuba wani magani da muke kira kolekta, wato mai tattarowa. Wanda muka fi amfani da shi sunansa zantet. Aikinsa shi ne ya bi ƙwayoyin nan masu ɗauke da zinare ya manne a jikinsu, ya sa su ƙi ruwa, kamar yadda ruwa ke zamewa daga hannun da aka shafa wa man kaɗe. Yashin banza kuwa ko kallonsa ba ya yi. Daga nan sai a hura iska daga ƙasan tanki, kumfa ta taso, ƙwayoyin da suka ƙi ruwa su maƙale mata su hau sama, a kwashe. Ni ce mai lura da yawan maganin da za a zuba. In ya yi kaɗan zinare ya bi yashi ya tafi, in ya yi yawa ya kwaso har da tarkace.

Aibin zantet shi ne wari. Wanda ya taɓa wucewa ta bayan 'yan kayan miya a kasuwar Makola ya shaƙi kabejin da ya ruɓe a ƙasan kwando, to ya san shi. A can ake wanke mana kayan aiki, amma jakata da takalmana sun riga sun sha warin nan har ya zama nasu. Duk sanda na zo hutu, kafin ma Mma ta amsa gaisuwata sai ta fitar da su tsakar gida ta shanya.

A lokacin akwai wanda nake so, yake sona. Malamin firamare ne a Mamobi, unguwar da ke maƙwabtaka da tamu, kowa Ticha yake kiransa, har mahaifiyarsa. Mutum ne mai sanyi, ba ya ɗaga murya ko a aji. Mahaifiyar tasa kuwa ita ta ɗauke duk muryar gidan. Hajiya ke nan mai waakye, shinkafa da waken da ake yi wa layi tun kafin gari ya gama wayewa. Doguwa ce kakkaura, tana jin Hausa da Tuwi da Ga da Dagbani, kuma da kowanne tana iya yi wa mutum faɗa har ya gode. Irin tsofaffin Zongon nan ce da mace da namiji duk “ya” ne da “ka” a bakinsu.

Magana ta yi nisa, saura a kawo goro, sai Hajiya ta zo gaida Mma. Ina ɗaki ina ta gyara ɗankwali, na ji ta yi sallama, sai kuma na ji ta tsaya cak a tsakar gida.

“Ei! Me ya mutu a gidan nan?”

Kafin Mma ta buɗe baki Kawu ya riga ta. Yana alfahari ya ce, “Ba abin da ya mutu, Hajiya. Takalman 'yarmu ne. Warin maganin zinare kike ji. In ta zuba shi a ƙasa, zinare da ƙafarsa yake fitowa!”

Na fito na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa, amma ba irin amsawar da na saba ji ba. Ta ɗan zauna, ko ruwan da aka kawo mata ba ta sha ba, ta ce ta bar tukunya a wuta.

Sai ranar da zan koma aiki na san abin da ake ciki. Ticha ya rako ni tashar Sakul, yana riƙe da jakata, yana ta kallon ƙasa. 'Yan kamasho na ta ihu, masu talla na ta tura mana burodi a fuska. Da na matsa masa sai ya ce, “Hajiya ta ce a dakata.”

“A dakata da me?”

“Da maganar goro. Ta ce wai ke 'yar galamse ce.”

Na fashe da dariya. Galamse fa, masu haƙar zinare ta ɓarauniyar hanya, waɗanda ke tone gonaki da rafuka su bar ramuka. Sai na ga shi ba dariyar yake yi ba.

Na ce, “Ba ka yi mata bayani ba?”

Ya ce, “Na yi. Na ce ke injiniya ce. Ta ce shi ma mai tuƙa motar tonon da ta cinye gonar ƙaninta injiniya suke ce masa.”

A nan ya ba ni labarin da ban sani ba. Ƙanin Hajiya yana da gonar koko a kurmi, kusa da wani rafi da suka taso suna sha. 'Yan galamse suka shiga wajen, rafin ya koma kamar kunu, kifi ya ƙare, gonar ta zama ramuka. Suna amfani da zaiba, ruwan ƙarfen nan mai guba, wajen kama zinare. Surukar ƙanin nata ta yi ɓari ba sau ɗaya ba, kowa ya ce ruwan ne. Hajiya ta je ta gani da idonta, ta dawo ta kwana biyu ba ta fita kasuwa ba. Saboda haka da ta ji “zinare” ta ji “magani” ta kuma shaƙi warin nan, a wurinta an gama magana. Sharaɗinta shi ne in bar aikin, ko in bar ɗanta. Na kuma san Ticha ba zai yi aure ba da albarkar uwarsa ba, ni ma ba zan so mijin da zai yi haka ba.

Yanzu ina ba da labarin ina dariya, amma a motar nan har muka bar Akra kuka nake yi a cikin mayafi. Aikin nan da guminta Mma ta saya mini shi. Ticha kuma ba irin wanda ake samu a kowane lungu ba ne.

Wata rana ina tsaye a kan tankunan ina kallon kumfa na tasowa, tana ƙyalli tana gangarawa, sai na ce a raina, ai Hajiya ba ta taɓa ganin wannan ba. Ramuka ta gani da rafin da ya mutu. In baki ya kasa, bari in kai mata abin ta gani. Na je wurin shugabana, wani dattijo mai son raha, na faɗa masa komai. Ya yi dariya har da share hawaye, sannan ya ce zantet kam ko ƙwaya ɗaya ba ta fita ƙofar ma'aikata, ba abin wasa ba ne. Amma ya ba ni izinin ɗaukar ɗan garin dutse daga ragowar ɗakin gwaji, mai ƙyalli sosai amma kusan babu zinare a ciki. Ya ce, “Kananzir ma kolekta ne, na talaka. Ba zai yi kamar namu ba, amma zai isa ya samo miki miji.” Na gwada a can ya yi. Sai dai akwai wani magani na biyu da muke sawa don kumfa ta tsaya kada ta fashe, shi ma ba a fita da shi. Na ce ba komai, ɗigon sabulu zai wadatar.

Da na dawo hutu na aika Ticha ya roƙi Hajiya ta ba ni dama in nuna mata aikina, in ta gani ta ce a'a, na haƙura. Ta ce in zo ranar Lahadi da la'asar, bayan ta wanke tukwane.

Na tafi da babbar robar alewa mai haske, wadda ake ganin cikinta, da tiyo, da 'yar kwalbar kananzir. Kawu ya ɗauko famfon keke ya ce ƙafarsa ƙafata, wai shi ne uban amarya. Na so a yi abin daga ni sai Hajiya, amma gidan haya ba ya da sirri. Kafin in ajiye kaya tsakar gidan ta cika. Mata da goyo, samari a kan katanga, har da wata tsohuwa da aka fito mata da kujera. Hajiya ta zauna a kan turmi ta harɗe hannu.

Na haɗa garin dutsen da yashi, na nuna mata. Toka-toka ne kawai, ba abin sha'awa. Na zuba rabi a roba, na dama da ruwa, na ɗiga kananzir, na ɗiga sabulu. Na ɗaure bakin tiyo da tsumma don iska ta fito ƙanana-ƙanana, na cusa shi ƙasa. Ticha ya naɗe hannun farin kaftaninsa ya kama famfo.

Kumfa ta taso kuwa, fara fat, har ta zubo ƙasa. Babu komai a kanta. Sabulun ya wanke kananzir ɗin daga jikin ƙwayoyin, duk sun koma ƙasa sun kwanta abinsu. Wata mata daga baya ta ce, “Ashe wanki ya zo yi mana.” Gidan ya ɗauki dariya. Ticha ya ci gaba da bugun famfo don bai san ko ya tsaya ba, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ni kuwa ji na yi kamar in shige robar in rufe.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Warin kananzir ya dame ta, sai ta kwance bakin zane ta fito da 'yar kwalbar man mura, irin mai yaji a hancin nan, ta shaƙa. Ƙamshin na isowa gare ni na tuna a makaranta an taɓa faɗa mana cewa masu ma'adinai na da da man irin wannan itacen suke tsayar da kumfa. Na durƙusa na ce, “Hajiya, don Allah ki ara mini man nan, ɗigo kawai.”

Ta dube ni, ta dubi kwalbar. Ta ce, “Yoo. Amma kada ka ƙarar mini.”

Na zubar da ruwan farko, na wanke robar tas, na juye ragowar garin, wanda daga shi babu wani. Na ɗiga kananzir na jijjiga sosai, na ɗiga man Hajiya, na yi bisimilla a zuci, na ce wa Ticha ya buga a hankali. Da farko ba abin da ya faru. Can sai kumfa ta fara taruwa a sama, ba fara ba wannan karon, mai duhu, mai nauyi. Rana ta karkato ta saman katanga ta sauka a kanta, sai ga ta tana walƙiya kamar an barbaɗa mata kwalliyar amare. Yashi kuwa yana kwance a ƙasa fari, kowa na gani ta jikin roba.

Kowa ya matso yana leƙen robar. Kawu ne ya riga kowa magana. Ya jefar da hularsa sama ya ce, “Zinare! Wallahi zinare! Ban faɗa muku ba?”

Na ce, “Kawu, ba zinare ba ne!” Amma ihu ya riga ya tashi, ba mai jina sai Hajiya. Ta sa cokali ta kwashi kumfar ta zuba a tafin hannunta, ta murza da yatsa.

“Wannan zinare ne?”

Ba zan ɓoye ba, na ga yadda idonta ke ƙyalli, na kuma san da na gyaɗa kai kawai da ranar na tafi da daraja. Na ce, “A'a, Hajiya. Wannan gidan da zinare ke ɓuya a ciki ne, wannan ma kusan ba kowa a gidan. Ko a wurin aiki sai an sake wasu ayyukan masu yawa kafin a ga zinare.”

“Zaiba fa?”

“Ba ma taɓa ta ko kaɗan.”

“To maganin naku mai wari, ba ya kashe rafi?”

Na ce, “In ya shiga rafi zai kashe kifi, ba zan yi miki ƙarya ba. Ba kuma zan ce ma'adinai ba sa ɓarna ba. Amma ruwan da muka yi aiki da shi tare shi ake yi, a sake amfani da shi, kuma cikin aikina har da tabbatar da cewa bai fita ba. Da safar hannu da abin rufe hanci muke taɓa maganin. Matan da muke aiki tare suna haihuwa lafiya, wata ma goyo take yi yanzu.”

Ta sake murza kumfar da yatsa. Sannan ta yagi leda ta zuba abin da ke hannunta, ta ƙulle a bakin zane tare da man murarta. Ta miƙe ta ce, “Na gani. Ka gaida Mmanka.” Ko a'a ko i ba ta ce ba. Na koma gida ban san ko na ci ko na faɗi ba.

Washegari da sassafe Mma ta fita hura wutar koko, sai ga ta ta dawo da sauri. Ta ce, “Tashi ki ga abin da kika jawo mana.”

Na leƙa. Layi ne daga ƙofarmu har ya sha kwana. Ashe wani saurayi ya ɗauki abin a waya daga kan katanga, daidai inda kumfa ke ƙyalli Kawu na ihun zinare, ya yanke inda nake cewa ba shi ba ne. Kafin gari ya waye hoton ya zaga Nima da Mamobi, har an ce an gan shi can unguwar Malam. Labari ya yi 'ya'ya a hanya. Wai babbar gotar Nima, magudanar ruwan nan, tun zamanin Turawa take gangaro da zinare daga tudu, ba a dai samu mai ilimin fitar da shi ba sai ni. Ga telan unguwarmu da bokiti, ga mai aski, ga 'yan kayayo masu dako da manyan kwanukansu cike da yashi a ka. Wani Alhaji ya zo da nasa a bayan mota. Wani tsohon soja kuwa daɓen ɗakinsa ya fasa, ya ce tun da daɗewa yake jin ƙasar wajen tana da nauyi. An ce kananzir ya ƙare a shaguna, man mura ma babu ko na magani. Can na hango Kawu a rumfarsa ya jera famfunan keke yana ba da haya.

Abin dariya ne, amma ni tsoro ne ya kama ni. In hoton nan ya kai wurin aiki aka ce ina fitar da zinare a tsakar gida, me zan ce? Hajiya kuma da ta ce ni 'yar galamse ce, ga shi na kawo mata galamse har unguwa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne da aka ce samari sun sauka cikin gota da shebur suna tono a gindin bango. Damina ce, hadari ya fara haɗuwa. Duk ɗan Nima ya san gotar nan, in an yi ruwa a tudu kafin ka juya ta cika, kuma ba ta mayar da abin da ta ɗauka.

Na fito na tsaya a bakin ƙofa na fara bayani. Na ce maganin ba ya ƙirƙirar komai, abin da ke cikin dutse kawai yake ɗagowa, yashin Nima kuma yashi ne. Wani ya ce wa na kusa da shi, “Cale, rowa take yi!” Wata ta ce, “So take ta ci ita kaɗai. Mu da muka sha kokon uwarki har kika yi karatu!” Ina magana ana turo mini bokitai har kan ƙafa. Ba wanda ke ji.

Sai na ga layin yana darewa daga baya. Hajiya ce. Ta baro teburin waakye a daidai lokacin da ciniki ya fi zafi, abin da aka ce ba ta taɓa yi ba, ga babban ludayinta a hannu ko ajiyewa ba ta yi ba. Ticha na biye da ita da littattafan 'yan aji a hammata. Na ce shi ke nan, ta zo ta ƙarasa ni a gaban jama'a.

Ko kallona ba ta yi ba. Ta hau bencin kokon Mma, ta buga ludayi a jikin tukunya, wurin ya yi shiru. Ta ce wa Kawu, “Kai mai bakin nan, kawo famfonka.” Ta nuna bokitin da ya fi kowanne baƙi, na wani saurayi da ya fito daga gota yanzu-yanzu. Ta ce mini, “Yi musu kamar jiya.” Ta miƙo mini man murarta.

Na dama yashin gota, na ɗiga abin ɗigawa. Hajiya ta ce Kawu ne zai buga. Ya buga, ya buga, har rigarsa ta manne a bayansa. Kumfa ta taso baƙa ƙirin, da guntun ledar ruwa a kanta, da wani wari da ya sa na gaban layi suka ja da baya suna toshe hanci. Kawu ya ɗago yana haki ya ce, “Ƙila yana ƙasa, bari in ƙara.” Hajiya ta ce, “Ƙara.” Ya ƙara har ya zauna daɓas a ƙasa. Dariya ta fara daga 'yan kayayo ta bi layi har kwana. Tsohon soja ya ce nasa daban ne, a gwada. Aka gwada, ko ƙyallin allura babu. Matarsa na gefe ta ce, “To yau sai ka mayar mini da daɓena kafin ka ci tuwo.”

Sannan Hajiya ta kwance bakin zane ta ɗaga ledar jiya. Ta ce, “Kun ga wannan? Shi ne wanda kuka gani a waya. Yau da asuba na buga wa maƙerin da ke mini 'yan kunne ƙofa. Ya goga a dutsensa, ya ɗiga ruwan gwajinsa, ya yi mini dariya. Ba zinare ba ne koraa, ko kaɗan. Ni ma na so ya zama zinare, ba ku kaɗai ba.” Aka yi dariya. Ta nuna ni da ludayi. “Yarinyan nan tun jiya ya faɗa mini. Da ya so ya cuce ni, da ya ce zinare ne, in ba shi ɗana da gudu. Bai yi ba. Har abin da ban so ji ba ya faɗa mini.” Ta maimaita da Tuwi, ta maimaita da Ga, don kada wani ya ce bai ji ba. Ta tura samari su je su fito da 'yan uwansu daga gota maza-maza, ta ce wanda ya ƙi a faɗa masa ita ta aiko.

Tana shirin sauka daga benci sai ta juyo ta ƙara da cewa, “Kuma duk wanda ya sake kawo wa surukata yashi, kada in ƙara ganinsa a layin waakyena.”

Surukata. Na tsaya da roba a hannu, hannuna duk baƙin gota, ina tambayar kaina ko kunnena ne. Sai na ji Mma ta rangaɗa guɗa a bayana, matan gidanmu suka amsa. Littattafan Ticha suka zube ƙasa, yana tsincewa yana murmushi kamar wawa. Hajiya ta dube shi ta ce, “Kai ba ka da aji ne yau?”

Mutane suka fara juyawa da bokitansu, sai Mma ta ce a'a, tunda an sha wahalar ɗaukowa, a juye a ramukan lungunmu. Lungun da shekara da shekaru muke tsallen kwata a cikinsa, ranar ya cike sumul. Waɗanda suka juye kuma yunwa ta kama su, suka zauna suka shanye kokon Mma kaf. Da azahar aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya, gota ta cika ta batse, kuma alhamdu lillahi ba kowa a ciki.

Ina shiga ɗaki na kira shugabana na faɗa masa komai kafin hoton ya riga ni. Ashe ya riga ni. Ya ce tun safe suke kallo a ofis, abin da kawai yake so ya sani shi ne wane ne mai hular nan. Daga baya ma ni aka riƙa turawa ƙauyukan da ke kewaye da ma'aikatar, da robata da famfona, in nuna wa dattawa da 'yan makaranta abin da muke yi da ruwa da dutse, in amsa tambayoyinsu, masu daɗi da marasa daɗi. An kawo goro kafin damina ta fita, aka sha biki. Kawu har gobe yana faɗa a rumfarsa cewa shi ya haɗa auren, kuma wai da an bar shi ya ƙara bugu kaɗan da an ga abin mamaki.

Abin da na koya shi ne, wanda ke tsoron aikinka ba lallai maƙiyinka ba ne, ba kuma jahili ba ne. Sau da yawa wani abu ya gani wanda kai ba ka gani ba. Ka je inda yake, ka nuna masa da hannunka, ka faɗi amfanin ka faɗi illar, kada ka ƙara gishiri ko da gishirin zai ɗaga ka. Na je Mamobi ne ina zaton ƙyallin kumfa zai burge Hajiya ta ba ni ɗanta. Ashe ba shi ta auna ba. 'Yar maganar da na ɗauka za ta rage mini daraja, “ba zinare ba ne”, ita ce ta aurar da ni.